Kaburburan da Ake Ziyarta da Waɗanda Aka Manta: Waiwaye Daga Adar

A ƙasar Adar kabari ba ya daɗewa yana nuna kansa. In an yi rashi a wani ƙauye na Keita ko Buza, matasa ke riga kowa zuwa maƙabarta da diga da shebur, don ƙasar ta dutse ce, ba ta haƙuwa da sauƙi. Su yi babban rami, su sake haƙa ƙarami a cikinsa daidai faɗin mamaci. A kwantar da shi ta ɓarin dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a bakin ƙaramin ramin, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran. A yayyafa ruwa, a aza dutse wajen kai da wajen ƙafa, a jawo ƙaya a rufe saboda dabbobi. Liman ya yi addu'a, a shafa, a koma gida zaman makoki. Ba a rubuta suna. In damina biyar ko shida ta wuce tudun ya kwanta, sai wanda ya halarci jana'izar ne zai iya cewa ga inda wane yake.

Haka ake binne manomi da maƙeri, haka kuma aka binne mafi yawan mayaƙan da suka faɗi a wannan ƙasa cikin shekaru 200 da suka shige. Don haka tarihin ziyarar kaburbura a wurinmu tarihin 'yan tsiraru ne da aka keɓe daga mantuwa. Abin da ya yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne su wa aka keɓe, kuma wa ya yi zaɓen.

Zamanin hubbare

Malamai ne suka fara samun wannan keɓewa. A ƙarshen ƙarni na 18 Malam Jibril ɗan Umar, bayan zamansa a Agadas da aikin hajji sau biyu, ya dawo ya zauna a ƙasar Madawa, a nan kuma rai ya yi halinsa. Ba sarki ba ne, amma almajiransa sun sa ba a manta da shi ba. Cikinsu akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ba nisa da Galmi ta yau, da ƙanensa Abdullahi, waɗanda suka tako har wurinsa ɗaukar karatu. Wanda duk ya bi silsilar malaman Sakkwato zai dawo ƙasar Madawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Jihadin da ya tashi a 1804 ya cinye mutane da yawa. A Tsuntsuwa kaɗai, ƙarshen wannan shekara, marubutan jihadin sun ce jama'ar Shehu ta rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A fagen fama aka rufe su, kamar yadda ake yi wa shahidai, ba gini ba alama. Shugabannin ne suka sami hubbare. Da Shehu ya rasu a 1817 aka binne shi a cikin gidansa a Sakkwato. Abdullahi yana Gwandu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno, ribaɗin da ya gina da kansa. Nana Asma'u ta rasu a 1864 aka kwantar da ita kusa da mahaifinta. Sannu a hankali waɗannan wurare suka haɗu da Degel da Gudu da Sifawa, suka zama zangunan da mai ziyara ke bi.

Wanda ya taɓa shiga Hubbaren Shehu ya san tsarin. Tun daga ƙofa ake tuɓe takalmi. A wuce mabarata da makafi da ke zaune a inuwar katanga, a shiga zaure, masu tsaron wurin su nuna hanya. A yi sallama, a karanta Fatiha da abin da ya sauƙaƙa, a yi wa mamatan addu'a, a ajiye sadaka a fito. Matan karkara da ake kira 'yan taru, waɗanda Nana Asma'u ta kafa tsarinsu, sun daɗe suna zuwa a ƙungiyance ƙarƙashin jaji mai malfa a ka, ɗauke da 'yar tsarabarsu ta hatsi da zare. Ga mutumin Adar tafiyar ba ta da nisa, don daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, kuma fatauci da neman ilmi da ziyara duk hanya ɗaya suke bi.

Waɗanda aka ci da yaƙi su ma ba su saki nasu ba. An kashe Sarkin Gobir Yunfa da Alkalawa ta faɗi a 1808, an sake karya Gobirawa da Katsinawan Maradi da Buzayen da suka taimake su a Gawakuke cikin 1836. Gobirawa suka watsu, wasu Tsibiri, wasu daga baya Sabon Birni, wasu kuma Gobir Tudu, wato ƙasar Madawa. Suna nuna kaburburan sarakunansu a kufan Alkalawa, amma inda suka fi adana mazajensu shi ne bakin maroƙa da makaɗa. Kirarin sarkinsu Bawa Jan Gwarzo ya kai inda ba wani gini da zai kai. Sai dai kirari ma na sarakuna ne da manyan barade. Dakaren da ya bi su a ƙasa da kwari da baka bai sami ko baiti ɗaya ba.

Zuwan Nasara

Turawan Faransa sun zo da wata al'ada daban, ta kabari mai suna da ranar mutuwa, kuma nasu suka fara yi wa. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ratso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana karkashe mutane. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu ta auka wa Birnin Ƙonni. Masana tarihi sun saɓa kan yawan waɗanda aka kashe a Ƙonni, wasu na cewa ɗaruruwa, wasu dubbai. Da labarin ta'asar ya kai Faris aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kafin kwana uku su cika, sojojin Afirka na rundunar suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Har yau ana nuna kaburburansu biyu a Maijirgi, a ƙasar Tasawa. An ce da wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa aka tone na Voulet a 1923, ba a sami kowa a ciki ba.

Masu kisan ke nan, kowa ya san sunansu da inda suka kwanta. Mutanen Ƙonni kuwa rami ɗaya aka tara da yawansu. Haka ta kasance ga Buzayen Kel Geres da suka tare Faransawa a Zangebe da kuma Galma, kusa da Madawa, cikin 1901. Suna da takubba da masu, abokan gabarsu na da bindigogi masu aman wuta, aka yi musu mummunar ɓarna. Rahotannin soja sun ƙidaya gawarwaki, ba su rubuta sunaye ba.

A wannan lokaci ne kuma aka shata iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta bar wa Faransa hanya marar rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka matso da layin kudu, Ƙonni da maƙwabtanta suka tabbata a hannun Faransa. Daga nan mai ziyarar Hubbare daga Adar ya zama mai ƙetare ƙasa. A ɗaya gefen kuma Ingilishi sun ci Sakkwato a Maris 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya har Burmi, a ƙasar Gwambe, inda ya yi shahada a watan Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Kabarinsa ya shiga jerin wuraren ziyara, ana zuwa don tuna wanda ya ƙi mulkin Nasara.

Akwai wani abu mai nauyi a wannan babi da ba a cika son faɗa ba. Turawan da ke cikin waɗannan runduna 'yan kaɗan ne. Hannun da ya cinna wa Ƙonni wuta na Ba'afirke ne, haka wanda ya harbe Voulet. A gefen Ingilishi ma, tun daga dakarun da Glover ya tara a Ikko cikin 1863, Hausawa ne ƙashin bayan rundunar da daga baya ta ci ƙasar Hausa. Duk wanda zai girmama mazan jiya sai ya san cewa kaki ɗaya ne ya yi wannan aiki, ya kuma je ya yaƙi Hitila.

Waɗanda suka kwanta a ƙetare

A yaƙin duniya na farko Faransa ta kwashi mutum sama da 150,000 daga Afirka ta Yamma. A 1918 kaɗai Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Senegal, ya tara wajen 63,000. Dokar 1919 ta mai da ɗaukar soja abin kowace shekara, ko da ba yaƙi, wa'adi shekara uku. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, kuma sau da yawa ɗan talaka ko bara ake turawa. Ko daga ina mutum ya fito, tirailleur sénégalais ake ce masa. Magatakardan soja kan rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsu, ya ƙara da lamba. Wannan ya sa neman kakan wani a takardun soja ke da wuya har gobe.

Da yawa ba su dawo ba. A yaƙin duniya na biyu, cikin watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da birnin Lyon, sojojin Jamus suka ware baƙaƙen fata daga cikin fursunonin yaƙi suka harbe su. An gina musu maƙabarta mai jar katanga irin ginin gargajiya na Afirka ta Yamma, aka buɗe ta a Nuwamba 1942, kuma sojojin Afirka ta Yamma 188 ke kwance a ciki. Ana taruwa a can kowace shekara. Waɗanda suka tsira daga sansanonin Jamus kuwa, wasunsu a hannun Faransa suka gamu da ajalinsu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa tsofaffin fursunonin yaƙi wuta saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu kafin a sallame su. Hukumar soja ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 Shugaba François Hollande ya ambaci 70. Akwai masana tarihi da ke cewa ɗaruruwa ne. A maƙabartar wurin akwai kaburbura 202 da ba suna ko ɗaya a kansu.

'Yan'uwansu na Nijeriya sun yi nasu a dajin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000.

Waɗanda suka dawo gida sun zama sanannu a garuruwansu. Wasu sun zama gardi ko tafinta ko direba. Ran bikin hukuma sukan fito da jar dara da lambobin yabo a ƙirji, yara na bin su. Daga wannan kaki ne sojan Nijar ya tsiro, don Seyni Kountché da Ali Saibou duk a rundunar Faransa suka fara. Amma a Disamba 1959, ana gab da samun 'yanci, Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta rena, na Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Sai a 2001 wata babbar kotun Faransa ta ba wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, alhali ya riga ya rasu. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya ƙara tayar da maganar, amma ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011. A lokacin mafi yawan masu haƙƙin sun riga sun kwanta a maƙabartun ƙauyukansu, da dutse a kai da dutse a ƙafa kamar kowa.

Gardama da farkawa

Ana cikin haka ita kanta ziyara ta shiga gardama. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, da bazuwarta zuwa Maradi da Ƙonni da Tawa, aka yi ta wa'azi kan gini bisa kabari da neman tabarruki wurin mamaci. Malaman ɗariƙu suka kare al'adarsu. Amma in an natsu, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyartar kaburbura don tuna lahira da yi wa mamata addu'a, kuma shi da kansa ya ziyarci shahidan Uhudu. Inda abin ya wuce gardamar baki shi ne Tumbutu, da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyai a 2012. Magina na garin suka sake tayar da su, kotun duniya da ke Hague ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a 2016.

A gefe guda kuma marubuta da masu fim suka shiga tono abin da aka binne ba suna. Djibo Hamani ya fitar da bincikensa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, bayan ya bi tsofaffi gari gari yana ɗaukar abin da ke bakinsu. Littafin Abdoulaye Mamani kan Sarauniya ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Shekara guda bayan haka Sembène Ousmane ya fitar da nasa kan Thiaroye. A 2020 fim ɗin African Apocalypse ya bi sawun Voulet, ya zauna da jikokin waɗanda abin ya shafa a Ƙonni da sauran garuruwan hanyar, daga baya kuma aka juya shi zuwa Hausa. Jikokin ba su tsaya nan ba, sun kai kukansu ga Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi ta kuma buɗe takardunta.

Hukumomi ma sun motsa. A Nuwamba 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi aka yi a Thiaroye, ana gab da cika shekara 80, kuma a 2025 Senegal ta sa masana suka fara tono a maƙabartar don a san su wa ke ciki. A Yamai, cikin Oktoba 2024, an cire sunan de Gaulle daga babban titi aka sa na Djibo Bakary, dandalin tunawa da matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu kuma aka sake masa suna Bubandey Batama, aka ce daga yanzu na duk waɗanda suka rasa rai ne tun daga mulkin mallaka har yau, soja da farar hula.

Wannan "har yau" ba ƙawa ba ce. A Disamba 2019 aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates, aka binne su a filin shahidai da ke sansanin sojan sama na Yamai, shugabannin ƙasashen Sahel suka zo suka tsaya a kan kaburburan. Wata guda bayan haka aka rasa 89 a Chinagodrar. A jihar Tawa kanta, mutanen ƙauyukan Tillia 137 aka kashe rana ɗaya a Maris 2021. Sojan da ya faɗi a yau ana sanin sunansa da garinsu, ana kiran iyayensa. Wannan ci gaba ne da kakansa na Thiaroye bai samu ba. Sai dai rashin tsaron da ya cika sababbin maƙabartu shi ne ya toshe hanyar tsofaffin. Ƙasar Sabon Birni, inda kufan Alkalawa yake, ta zama ta 'yan bindiga, har mutanenta suka yi gudun hijira zuwa Bangi a gundumar Madawa. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya tsayar da masu zuwa Sakkwato na tsawon watanni.

In aka dubi tafiyar gaba ɗaya, za a ga da'irar waɗanda ake tunawa tana faɗaɗa. Ta fara da malami da sarki, Nasara ya ƙara hafsansa, 'yanci ya shigo da waɗanda suka yi turjiya, yanzu ana neman ta kai ga ƙaramin soja da talakan da aka kashe a ƙofar gidansa. Abin da ya rage a Madawa da Buza da Keita ba ya bukatar siminti, balle ya tayar da gardamar gini bisa kabari. Sunaye ake bukata. A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka da ɗan littafin soja na kaka a ciki, da lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi. Ma'aikatar tsaron Faransa ta zuba katunan waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙenta a intanet, a shafin Mémoire des hommes, inda ake iya nema da suna ko wurin haihuwa. Fadar kowane sarki tana da masu tuna wa aka ba Kumandan a shekara kaza. Jami'ar Tawa, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, tana da ɗaliban da za su iya haɗa waɗannan uku, gunduma gunduma, su kuma tantance inda Malam Jibril ya zauna da inda aka yi gumurzun Galma, don malamin makaranta ya sami inda zai kai yara ya nuna musu.

Lokaci ne ba ya jira. Wanda aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a 1945, yau yana bakin 100. 'Ya'yan da suka ji labarin daga bakinsa su ma furfura ta kama su, kuma su ne na ƙarshe da za su iya kai mutum maƙabarta su nuna masa daidai inda tsohon yake.